Itacen da Hajiya Kaltume Ta Dasa

Akwai wani mutumin Maraɗi mai suna Issoufou, wanda ya yi aikin lambu a Riyadh wajen 1986, a gidan wani likita Bakano, Dokta Bashari, a unguwar Malaz.

Issoufou ya iya aikinsa, wannan ba a musu. Sai dai in ya riƙe adda, kunnensa ya toshe ke nan. Kullum maganarsa ita ce, "Ni da na tashi cikin sassabe, wa zai koya mini icce?"

A tsakar gidan akwai wani ɗan itace kore shar mai tsini a sama, tsayinsa bai wuce kafaɗar mutum ba. Matar likitan, Hajiya Kaltume, ita ta dasa shi da hannunta kafin ciwo ya kwantar da ita. A can ta rasu, aka binne ta a maƙabartar da ba a rubuta suna. Da Dokta ya koma ziyara bayan wata biyu, sai ya tarar da sababbin layukan kaburbura, ya kasa gane kabarinta.

Tun daga ranar, in ya dawo daga asibiti, sai ya ja kujera kusa da itacen ya yi mata addu'a a nan.

Da Dokta ya tafi hutu Kano, Issoufou ya buɗa rassan, ya ga cikin duk a bushe. Tausayi ya kama shi. Ya ƙudurta zai yi wa itacen aski irin na dogonyaro, maigida ya dawo ya tarar da sabon toho.

Ranar Juma'a Baba Moussa ya zo shan shayi. Dattijo ne ɗan Damagaram, yana aiki a inda ake sayar da dashe. Da ya ji shirin, sai ya tsinki ganye ya murza ya sansana.

Ya ce, "Issoufou, dubi ganyen nan kamar ɓawon kifi, ga ƙamshin ƙaro, ga 'yan ƙwallaye masu tauri. Larabawa sarwu suke ce masa. Bushewar ciki halinsa ce, rana ce ba ta shiga. Bakin koren kawai ake datsewa da almakashi. In ka kai ga busasshen reshe, shi ke nan, ba ya sake toho."

Issoufou ya tuntsire da dariya. "Ku 'yan Damagaram da tsoro! Icce ai icce ne, Baba. A gonarmu har ƙasa muke sarewa, damina guda ya wuce kanka."

"To, jiki magayi," in ji dattijon.

Washegari Issoufou ya wasa adda, ya sauke koren duka, ya bar sanduna tsirara. Ya dinga ba da ruwa safe da yamma, ya zuba taki, ya yi masa inuwa da buhu. Mako biyu, mako uku, ko ɗigon kore babu. Abinci ya daina shiga masa.

Ranar da Dokta ya dawo, daga ƙofa ya hango. Jakarsa na hannu, ya tako a hankali, ya zauna a ƙasa gaban sandunan da kayan tafiyarsa.

Issoufou ya durƙusa. "Dokta, wallahi gyara na yi nufi."

"Na sani. Ba ka tambayi kowa ba?"

"An gaya mini. Ban ji ba."

Hawaye kawai ke zubo wa Dokta. Da korarsa ya yi, ko ya sa aka soke masa iƙama, takardar zama a ƙasar, wallahi da ya fi wa Issoufou sauƙi.

Bayan kwana uku Issoufou ya samo sabon dashe wajen Baba Moussa, iri ɗaya sak, ya ajiye gaban maigidan.

Dokta ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce, "Allah ya saka da alheri. Dasa shi can bakin ƙofa. Wannan bai san hannunta ba."

Shekara biyu Issoufou ya ƙara a gidan. Kowace yamma yana gani da idonsa Dokta na jan kujera ya zauna kusa da busassun sandunan nan, ya ɗaga hannu.

Darasi: Kyakkyawar niyya ba ta mayar da abin da girman kai ya sare. Abin da ka ƙware a kai a garinku ba shi ne ilimin duniya duka ba. Kafin ka sa hannu a abin da wani yake ƙauna, ka tambaya, in kuma an gaya maka ka saurara. Ku tura wa 'yan'uwa, wataƙila akwai mai wasa adda yanzu haka.