Dattijon da Ya Ƙi Ajiye Wuƙarsa

Akwai wani mutum mai sana'ar irin citta. Tun daga kaka yake tara iri, ya jibge shi a inuwar itatuwan mangwaro, ya rufe da ciyawa, har ruwan farko ya sauka manoma su zo saye. Mata goma sha biyu ne suke aiki a ƙarƙashinsa, masu tsince iri da masu zubawa a buhu. Dattijo ne kuma a ikilisiya, kujerarsa tana gaba, kusa da bagade.

Yana da wata al'ada da ya gada daga mahaifinsa. Ba ya ɗaure bakin buhu sai ya zura hannu can ƙasa, ya zaro citta ɗaya, ya tsaga ta da wuƙa a gaban mai saye. In cikinta rawaya ne mai ƙamshi, sai a ɗaure. Saboda wuƙar nan ne manoma suke baro ƙauyuka masu nisa su zo wurinsa.

A wata shekara, ana gab da shuka, ya yaye ciyawa da safe ya tsaga citta ɗaya. Bayanta lafiya lau, amma cikinta ya yi baƙi, yana wari. Ya tsaga citta ta biyu, ya tsaga ta goma. A kowane tsibi cutar ta shiga. Ya kuwa sani, irin wannan cuta in ta shiga ƙasa, gona takan yi shekaru ba ta ba da citta ba.

Yana tsaye da wuƙa a hannu sai ga ƙanen matarsa, wanda shi ma iri yake sayarwa a bakin kasuwa, nasa tsibin ma ya kamu. Ya zo da kwalbar man zaitun a aljihu.

Ya ce, "Yaya, ajiye wuƙar nan. Kai da kake tsayawa ran Lahadi kana koya mana bangaskiya, yau wuƙa ka fi yarda da ita? Ga mai, an yi addu'a a kansa kwana bakwai. A yayyafa, a ɗaure, a ce Amin. Mai tsagawa ai shakka yake yi."

Dattijon ya ce, "In Ubangiji ya warkar da ita, wuƙa za ta nuna."

"Oho! To, 'yar'uwata wuƙa za ta ci bana, ko? Da na sani tun farko da maƙeri muka ba ta, ko banza shi wuƙaƙensa sayarwa yake yi."

Ya tafi ya yayyafa wa nasa buhunan mai, ya ɗaure su tamau.

Da manoma suka taru, dattijon ya tsaga citta a gabansu, ya ɗaga ta sama kowa ya gani. Ya ce ba zai sayar da ko ƙwaya ɗaya ba. A cikinsu akwai wata gwauruwa, Maman Kauna, wadda gona ɗaya mijinta ya bar mata.

Ta ce, "Baba Dattijo, ka ba ni buhu biyu kawai. Zan zaɓi masu kyau da hannuna."

Ya ce, "Ba za ki gane su ta waje ba, Mama. In na ba ki, na kashe miki gona."

"Kwando ɗaya ne ya rage mini daga na bara! Kwando ɗaya zan shuka a gona guda? Kai dai ka ƙoshi, shi ya sa!"

Ta tafi tana faɗa har bakin hanya. Sauran manoman suka wuce wurin ƙanen matarsa, suka sayi buhunan da aka shafa wa mai, ba wanda ya tsaga ko ɗaya. Ita kaɗai ce ba ta samu ba, domin kafin ta iso an saye duka. Shi kuwa dattijon, ya tona rami nesa da gonaki, ya zuba irin shekara guda a ciki, ya sa wuta. Ya tara matan nan goma sha biyu ya faɗa musu gaskiya, babu aiki bana. Ya yi addu'a tare da su, ya ce, "Ya Ubangiji, ban san inda za ka bi da mu ba. Ka dai riƙe hannuna kada ya ɗaure mugun buhu."

A ikilisiya fa? Sai raɗa ta tashi. Wasu suka ce akwai zunubin da ya ɓoye. Wasu suka ce bakinsa ne ya ja masa, da bai furta cutar ba da ba ta zauna ba. Aka fara kiran ƙanen matarsa ya ba da shaida a gaban jama'a, ana tafi. Wata Lahadi dattijon ya shigo ya tarar an zaunar da wani a kujerarsa. Ya koma baya ya zauna kusa da ƙofa.

Damina ta yi nisa, ganyen citta ya soma yin rawaya gona bayan gona. Da kaka aka tona, sai ruɓaɓɓen abu kamar kunu. Gona ɗaya ce ta tsira a garin, ta Maman Kauna, da kwandonta ɗaya na bara wanda ta shuka cikin fushi.

Ranar godiyar kaka, bagade ya kusa zama wayam. Sai ga ta ta shigo da kwando a ka. Ba ta wuce gaba ba, ta sauke shi a bakin ƙofa, gaban dattijon.

Ta ce, "Baba Dattijo, wuƙar tana nan?"

Ya zaro ta daga aljihu, ya tsaga ɗaya. Ƙamshi ya cika bayan majami'a, har na gaba suka juyo.

Ta ce, "Ka ajiye wa garin iri. A hannunka kaɗai zan bar shi."

Ma'anar wannan misali ita ce: dattijon shi ne kowane mai bi da Allah ya sa a kan wata sana'a, wanda abincin wasu yake bi ta hannunsa. Cutar ita ce asarar da takan zo wa mai adalci da marar adalci ba sallama. Man da aka yayyafa a kan ruɓaɓɓen iri kuwa, shi ne abin da muka soma kira bangaskiya a kwanakin nan.

Na bar garin nan shekaru da yawa, na dawo na tarar mun koyi wani sabon abu. Mutum ya faɗi a sana'a, maimakon mu je mu zauna da shi, sai mu hau binciken zunubinsa. Wani ya rufe ɓarna da sunan Yesu, ya tura ta gonar maƙwabcinsa, sai mu ba shi lasifika. Wa ya koya mana wannan? Yaushe rufe ido ya zama dogara ga Allah? Ƙanen matar dattijon nan bai dogara ga Allah ba ko kaɗan. Tsoron yunwa ne ya kama shi, ya shafa wa tsoron mai, gonakin mutane suka biya. Wanda ya dogara ga Allah shi ne wanda ya dubi baƙin cikin cittar da idonsa, ya san bana babu, ya kuma yarda Ubangiji zai iya ciyar da gidansa ba tare da ƙarya ba.

Kada kuma wani ya ce na yi masa alkawarin arziki. Dattijon bai sake tara tsibi irin na dā ba sai bayan shekaru, kujerarsa ma ba a mayar masa ba. Abin da Allah ya ba shi kwando ɗaya ne, da amanar gari.

Kai mai shago, ke mai injin niƙa, kai da mutane suke kira maigida: in ka yaye ciyawa gobe ka ji wari, kada ka nemi kwalba. Zaro wuƙarka, ka tsaga a gaban kowa. Ku kuma masu zama a gaba, ku waiwaya yau ku duba wa muka kora bakin ƙofa.