Jar Ƙasa a Kan Benci

Ku gyara zama, don wannan gardamar ni kaina na kasa raba ta.

A wani ƙauye an yi makarantar firamare mai ajin soro, yara arba'in ke zama a ciki. Ana dogon hutu ganye ya toshe indararo, ruwan damina ya yi ta kwanciya a kan rufin, ba wanda ya sani.

Ana jibi komawa makaranta, Iya Tabawa mai shara ta ga jar ƙasa a jere kan benci. Ta share. Washegari ta sake ganinta a wurin. Da wata ce, da sai ta ƙara sharewa ta yi gaba, amma tsohuwar nan ta jefar da tsintsiya, ta bi hedimasta har gona. Ya ce, "Iya, kowane soro yana zubar da ƙasa." Aka yi mata dariya, ta wuce gidan magini tana faɗa.

Maginin nan, Tanimu, shi ya yi rufin da hannunsa, kuma da shi yake cika baki a kasuwa. Ranar komawa da safe ya zo ya ƙwanƙwasa azara da sanda, ya ji ta ruɓe. Yana iya yin shiru ya tsira da sunansa. Sai ya tsaya gaban iyayen yara ya ce, "Aikina ne, kuma ba zai ɗauki wani ruwan ba." Wallahi na jinjina masa.

Hadari kuwa ya haɗu, yayyafi ya sauko. Hedimasta ya ce a shigar da yara kafin su jiƙe. Malama Saude, wadda ko wata uku ba ta yi da kama aiki ba, ta tare ƙofa ta ce, "Ranka ya daɗe, ka kore ni in ka so, amma yau ba mai shiga." Ta kwashe su zuwa rumfar kasuwa, iyaye na binta da baƙar magana. Ba su gama zama ba suka ji rugugi, rufin ya zube a kan bencinan nan.

Yanzu an gina sabon aji, kuma sunan mutum ɗaya za a rubuta a ƙofarsa. To, ku gaya mini, sunan wa ya kamata yaran nan arba'in su riƙa karantawa kowace safiya: Iya Tabawa, Tanimu, ko Malama Saude?