Sunan Mai Rai a Takardar Matattu

Ya 'yan uwa, an yi wani mutum a nan ƙasarmu Romaniya, a wani ƙauye na bakin kogin Danube. Ba zan kama sunansa ba, danginsa suna nan da rai. Mai koyar da kokawa ne. Kowace shekara, ranar idin majami'ar ƙauyen, ana kokawa a filin bayan coci, wanda ya kayar da kowa ya tafi da rago a wuya. Shekara bakwai a jere yaran da ya horar ne ke ci, ragon nan gidansa yake shiga.

Kuma mutum ne mai addu'a, wannan ba a musu. Kafin yaronsa ya shiga fili sai sun durƙusa tare sun yi alamar gicciye. In an yi nasara ya ɗaga hannu ya ce, "Yabo ya tabbata ga Ubangiji!" jama'a su amsa da Amin. Sai dai ba wanda ya taɓa jin bakinsa ranar da aka kayar da nasa, domin ranar ba ta taɓa zuwa ba.

Gwaninsa shi ne Ilarie, ɗan wata gwauruwa mai suna Safta. Shekara goma sha biyu yana hannunsa. Da ya kawo ƙarfi sai wata ƙungiyar birni ta neme shi, ya zo sallama.

"Baba, ka sa mini albarka."

"Albarka? Je ka nemo a birnin. Su da suka iya kokawa a kan katifa."

Shekara ta kewayo, labari ya zo cewa Ilarie zai dawo ranar idi ya nemi ragon da sunan ƙungiyarsa. Mutumin ya dubi yaran da suka rage masa, ya san babu mai iya tsayawa gabansa. Abin da ya tsaya masa a rai ke nan: a kayar da nasa a gaban ƙauye, da dabarun da shi ya koyar.

Kun san takardun da muke miƙa wa Fada, limamin coci, ya karanta a addu'a, ɗaya ta sunayen masu rai, ɗaya ta waɗanda suka riga mu. Kun kuma san abin da ake raɗawa, wai in ka sa mai rai cikin matattu ƙarfinsa zai karye. Ranar Asabar, jajibirin idi, ya zauna ya rubuta mahaifinsa, da mahaifiyarsa, da marigayiya matarsa. Ya daɗe riƙe da alƙalami. Ya ce wa kansa ai ba mutuwa yake nema masa ba, gwiwa kawai ta yi sanyi na yini ɗaya. Sai ya ƙara suna na huɗu.

Fadan baƙo ne, watansa biyu a ƙauyen. Ya karanta abin da aka ba shi da babbar murya, har ya kai kan "da Ilarie". Ƙauyen kaf Ilarie ɗaya ne, kuma a ranar yana kan hanya a mota. Safta na tsaye a sahun mata. Ta ɗauka labarin hatsari ne ya iso aka ɓoye mata. Ta ce, "Ɗana?" ta yanke jiki ta faɗi. Ɓarin jikinta na dama bai sake motsi ba.

Ba a sha wahalar gano mai takardar ba. Sunayen iyayensa da na matarsa suna sama.

Washegari Ilarie yana asibiti gefen uwarsa. Yaron mutumin ya ci rago ba tare da ya yi gumi ba. Ya sami abin da ya roƙa, 'yan uwa. Ya buɗe baki zai yi yabon da ya saba, ya ga fili ya yi tsit ana kallonsa, maganar ta maƙale. Kafin sati ya fita, iyaye sun kwashe 'ya'yansu daga hannunsa.

Bayan wata uku ya iya zuwa ƙofar Safta. Ilarie ne ya fito. Mutumin ya so a zage shi, ko a mare shi, da ya ji sauƙi.

"Baba, Inna ba ta iya rubutu yanzu, ni nake rubuta mata. Tun ranar da ka ɗauke ni sunanka yake cikin takardarta ta masu rai. Na ce a cire, ta ƙi."

Mutumin ya juya ya tafi. Shekara tara ya ƙara a duniya. Kowace Lahadi yakan zo har bakin coci, ya tsaya a waje da hula a hannu, ya ji an karanta sunansa cikin masu rai, ya koma gida. Fada ya fita ya kira shi ba sau ɗaya ba, ya ce ƙofar tuba a buɗe take. Kunya ta hana shi, har ya mutu bai shiga ba.

To, wa mutumin nan yake yabo duk shekarun nan? Allah, ko rago? Yabon da ba ya fitowa sai ranar nasara, kanka kake yabo, ka ara sunan Allah ka rufa. Kai mai wasa, kai mai horarwa, koyi durƙusawa ranar da bayanka ya taɓa ƙasa. Ka yi wa abokin karawarka addu'a da sunansa, shi ma ɗan wata ne.

Ubangiji ya kiyaye mu daga mai da addu'a makami, ya ba mu bakin gode masa ko mun ci ko an ci mu. Amin.