Ranar da Kafinta Ya Naɗa Kansa Firist

A ikkilisiyarmu an yi wani kafinta da ake wa laƙabi da Ba-Musu. Ya iya aiki, wannan ko maƙiyinsa ba zai ƙi faɗa ba. Amma girman kai ya yi masa katutu. Shekara goma sha ɗaya yana shugaban dattawa, kuma ba abin da yake ƙauna a duniya kamar wannan kujera. In ya yi magana a taro, to an gama. Wanda ya kuskura ya ce uffan, sai ya sha harara har a tashi. Ni dai ban taɓa son halinsa ba, kuma ba zan ɓoye ba.

Ana saura kwana huɗu Lahadin Jibin Ubangiji, sai aka kwantar da Fasto a asibiti. Ƙa'idarmu sananniya ce: wanda aka keɓe, aka ɗora masa hannu, shi kaɗai ke tsayawa bayan tebur ya gutsuttsura gurasa. Aka aiko cewa wani fasto zai zo bayan mako biyu. Dattawa suka ce a jira. Ba-Musu ya ce shi ba ya jiran kowa.

Ƙoƙunan Jibi da farin ƙyallen tebur suna cikin wani kabad, mabuɗin kuwa yana hannun yayarsa, tsohuwar da ke gasa gurasar Jibi shekara da shekaru. Ran Asabar da hantsi ya same ta tana sharar majami'a.

"Yaya, ba ni mabuɗi. Gobe ni zan ba da Jibi."

Ta jingine tsintsiya, ta dube shi sama da ƙasa. "Kai? Wa ya ɗora maka hannu?"

"Wa ya ɗora wa sarkin nan na zamanin Ibrahim? Sarki ne, firist ne kuma. Ya fito da gurasa da ruwan inabi, ya sa wa Ibrahim albarka, ba wanda ya tambayi asalinsa. Mulki da firistanci a hannu ɗaya. Ni ke riƙe da mulkin wurin nan, me ya rage?"

"Rufe mana baki!" in ji ta. "Wancan sarkin inuwa ce, Almasihu yake nunawa, ba kafinta ba. In karatu kake ji da shi, ƙara gaba ka ga sarkin da ya ji ya yi ƙarfi, ya kutsa Haikali zai ƙona turare. Firistoci suka tare shi, ya hau su da faɗa, kuturta ta ɓullo masa yana tsaye."

"Wa'azi na zo ji? Za ki ba ni ko ba za ki ba ni ba?"

"Ni na goye ka, Ba-Musu, na san kafiyarka tun kana tsumma. Ba zan bayar ba, gurasa ma ba zan gasa ba. Ka je ka yi abin da za ka yi."

Ya kuwa yi. Shi ya ƙera kabad ɗin, ya san kowane sukuru da ke jikinsa. Ya je shago ya ɗauko sukuddireba, ya kwance ƙofar gaba ɗaya, ya jingine ta da bango, kwaɗon yana rataye a kulle. Ya kwashe ƙoƙuna da ƙyallen, ya biya kanti ya sayo burodi.

Da safe duk wanda ya shigo sai idonsa ya faɗa kan ƙofar nan. Kafin a gama waƙar farko, labari ya gama majami'a. Ba-Musu ya yi wa'azi mai tsawo a kan sarkin da yake firist, yana yi yana dafa ƙirjinsa. Sannan ya zagaya bayan tebur, ya yaye ƙyalle, ya ɗaga burodi.

A wurinmu benci benci ake tasowa, daga na dattawa a gaba. Ya ce, "Bencin farko, ku taso."

Ba wanda ya motsa. Dattawa suka zuba wa takalmansu ido.

"Na ce ku taso!" Ya daka musu tsawa. "Ku har kun isa ku kunyata ni? Bencin da kuke zaune a kai ma wa ya yi shi?"

Sai dattijon da ya fi kowa tsufa ya dogara sandarsa ya miƙe. Ba-Musu ya saki fuska, ya miƙa faranti.

"To ga bencinka nan," in ji tsohon. Ya juya ya nufi ƙofa.

Sauran dattawa suka bi shi. Benci na biyu ya tashi, na uku ya tashi, a jere kamar yadda aka saba, sai dai kowa waje ya yi. Yana ta kiran mutane ɗaya ɗaya, yana yi musu gorin alherin da ya taɓa yi musu, ba wanda ya waiwayo. Matarsa ce ta rage, tana hawaye.

"Maigida, don Allah rufe tebur ɗin nan ka sauko."

"In ba za ki karɓa ba, fita!"

Ta fita. A tsaye cikin rana dattawa suka yi shawarar da ba ta kai minti biyar ba. Taga a buɗe take, don haka da kunnensa ya ji an tambayi wanda ke son ya ci gaba da shugabanci, ya kuma ji shirun da ya biyo baya. Aka tsige shi yana riƙe da burodin da ba wanda ya taɓa.

Darasi a nan shi ne, sarauta da firistanci ba su haɗu cikakke a hannun kowa ba sai Yesu Almasihu, kuma abin da aka rubuta tun dā shi yake nunawa. Shi ɗin ma bai ƙwaci matsayin ba, danƙa masa aka yi, ya kuwa riƙe shi ta wurin ba da ransa. Kada ka buɗe Nassi kana neman hotonka a ciki. Ka riƙe aikin da aka danƙa maka da tawali'u, domin mai miƙa hannu ga abin da ba a ba shi ba yakan rasa har wanda yake hannunsa.