Mutumin da Ya Goge Arzikinsa da Lemun Tsami

An yi wani mutum a kasuwar Umdurman, a shekarun da jine ɗaya ke ciyar da gida kwana uku. Sunansa ba zan faɗa ba, jikokinsa suna nan cikinmu. Kayan tagulla yake sayarwa: tire, buta, jabana ta dafa gahawa. Sai ya sayi tsofaffi, ya goge su da lemun tsami da toka da garin jan bulo, ya jera su a matsayin sababbi. Duk layin babu mai hannun guga irin nasa, kuma ya san haka.

Ran nan wata tsohuwa, Bakhita, mai sayar da soyayyar gyaɗa daga unguwar Mayo, ta tsaya bakin shagonsa. Ta kwance bakin zanenta, ta fito da wani tsohon riyal na zamanin Mahadiyya, baƙi ƙirin.

"Ɗana, wannan zai yi wani abu?"

Ya juya shi a tafin hannu, ya taɓe baki. "Hajja, wannan ai tarkace ne. Ko maƙeri ba zai karɓa ba."

"Kada ka ce mini Hajja, ban je ba. Mai riyal ɗin ma bai je ba."

Ubanta ne mai riyal ɗin. Daga ƙasar Haɗeja ya taso da ƙafa zai tafi Makka, ya iso Umdurman ya tarar hanya a rufe. Ya zauna yana ɗinkin fata, yana tara guzuri, yana ɗinke riyalolin cikin ɗamararsa. Sai mulki ya juya, kuɗin suka daina karɓuwa a kasuwa. Ya rasu bai ga Ka'aba ba, ya bar wa 'yarsa ɗamarar da riyal talatin da ɗaya a ciki.

Mutumin ya ji labarin nan duka. Ya ce, "Don Allah kawai zan saya, Iya. Girish ashirin da biyar."

Ta karɓa, ta yi masa addu'a.

Ya 'yan uwa, kun ji? Don Allah! Sunan Ubangiji ya sa a tsakiyar ƙarya. Domin ya riga ya san akwai wani likita a Hartum, Dakta Ibrahimu, mai tara tsofaffin kuɗi, wanda yakan bi kasuwa yana tambaya.

Washegari ya haye gada zuwa Hartum, wajen likitan. Likita ya shimfiɗa ƙyalle mai laushi a kan tebur, ya ɗauki riyal ɗin ta gefe-gefe, bai yarda yatsansa ya taɓa fuskar ba. Ya auna shi a ɗan ma'auni. Ya ɗauko gilashin ƙara girma, ya bi rubutun harafi-harafi, ya duba shekarar da aka buga, ya duba baki ko an taɓa huda shi don sarƙar wuya. Sannan ya karkata shi wajen taga. Sai ga baƙin nan ashe ba baƙi ba ne: shuɗi ne da ɗan ja-ja, kamar wuyan tantabara.

"Ya salam!" in ji likita. "Ka san abin da ka kawo, ya zol? Irin waɗannan mataki-mataki ne. Akwai wanda ya sha hannu har rubutu ya shafe, wannan araha ne. Akwai wanda ya ɗan zaga kasuwa. Akwai kuma wanda yake kamar ranar da aka buge shi. Naka na ƙarshen ne. Wannan launi kuwa fata ce ta ba shi cikin shekara tamanin, babu mai iya yin sa da hannu."

Jine arba'in ya ba shi. Jine arba'in, a kan abin girish ashirin da biyar, rubu'in jine ɗaya!

Mutumin ya ce akwai talatin irinsa. Likita ya miƙe tsaye. Ya ce, "Kawo su duka, kowanne a wannan farashi. Amma ka ji ni da kyau. Kada ka wanke su. Kada ka goge su. Ko da bakin rigarka kada ka shafa."

To, a nan Shaiɗan ya samu ƙofa. Mutumin yana kan gada yana komawa, zuciyarsa tana ce masa: "Ka ji wayon masu boko! So yake ka kawo masa su da dauɗa, ya saya da araha, shi ya goge ya sayar wa Turawa ninki biyu. Wa zai koya maka ƙarfe?"

Ku lura da wannan, jama'a. An gaya masa gaskiya tsantsa, kyauta. Me ya hana shi ji? Shi bai taɓa ba wa mai ciniki shawara don Allah ba, to yaya za a yi ya yarda wani zai ba shi?

Bai ko buɗe shago ba, ya shiga motar Mayo. Ya sayi sukari da ganyen shayi, ya yi ta tambaya lungu-lungu har ya sami gidan, gumi ya jiƙa masa jallabiya. Ya tarar da Bakhita a ƙarƙashin rumfa tare da 'yarta Huseina, tana ɓare gyaɗa.

"Iya, tausayinki ya hana ni sukuni. Kawo sauran tarkacen nan in rage miki kaya."

Huseina ta dubi sukarin, ta dubi guminsa. "Baba, tun daga Umdurman? Tun yaushe ake kawo wa tarkace gaisuwar sukari?"

"Ke yarinya, da manya nake magana."

"Yarinyar tana da 'ya'ya biyar. Kakana don hanyar Makka ya tara su. Abin da zai kai ni da tsohuwa Makka ya dawo da mu, shi ne kuɗinsu. Jine ɗari shida."

"Ɗari shida! Kin haukace?"

"To halas. Ɗauki sukarinka."

Ya yi rantsuwa, ya tashi, ya kai bakin ƙofa, ya dawo. Ko a lokacin bai ce musu ga abin da likita ya bayar ba. Ya buga lissafi a ransa: da dauɗarsu ma ninki biyu ne, in ya goge kuwa, sai abin da Allah ya yi. Cikin kwana huɗu ya sayar da shagon da kayan ciki ga maƙwabcinsa. Shagon da ubansa ya bar masa! Matarsa ta yi kuka, ya ce ta shirya komawa gidan bene.

Ya biya jine ɗari shidan, ya kawo ɗamarar gida da hantsi, ya farke ɗinkin. Riyal talatin, kowanne da rigarsa ta shekaru. Ya 'yan uwa, da a ce ya naɗe su a tsumma ya haye gada a wannan sa'a, da ya gama da talauci. Tafiyar awa ɗaya ce tsakaninsa da arziki!

Ina! Sai ya ɗauko kwano. Ya matse lemun tsami, ya zuba gishiri, ya ƙara ɗan ruwan batir kamar yadda yake yi wa tsohon tire mai taurin kai. Ko gwada ɗaya bai yi ba. Duka talatin ya juye, ya tafi cin abincin rana.

Da ya dawo ya kama su da toka da garin bulo, yana guga yana waƙa. Sai ya ga ja yana fitowa. Ya ƙara guga, jan ya ƙaru. Ashe azurfar sama-sama ce, siririya kamar fatar albasa, ciki jan ƙarfe ne. Likita ya san haka tun farko. Ba nauyin azurfa yake saye ba.

Nan ne wurin tuba. Ya tuba? Sai ya hura wuta, ya narka kuza irin wadda ake shafa wa cikin tukunya, ya shafe su ɗaya bayan ɗaya. Suka fito fari tas, suna ɗaukar ido. Kuzar kuwa ta cike ramukan haruffa, shekarar bugu ta nutse.

Ya sa sabuwar jallabiya, ya je ya zube su a teburin likita. "Dakta, yau ba maganar arba'in. Dubi ƙyalli!"

Likita bai ko ɗauko gilashi ba. Ya daɗe yana kallonsu, sannan ya cire tabarau ya share ido.

"Shekara tamanin a cikin ɗamara, yaƙi bai taɓa su ba, ruwa bai taɓa su ba. Kai ka gama da su a wuni ɗaya. Ban gaya maka ba?"

"To ba ni ashirin-ashirin."

"Ko girish. Wannan yanzu marfin kwalba ne."

Ya zaga da su wajen 'yan koli, suka yi masa dariya. Ya kai wa maƙeri, maƙeri ya ce tarkace ne. Kalmar da ya gaya wa tsohuwa, ita aka mayar masa. A ƙarshe maƙwabcin da ya sayi shagon ya ɗauke shi aikin guga, kuɗin yini. A ƙasa yake zama, a bakin ƙofar da take tasa a da, yana goge tiren wani har ƙarfinsa ya ƙare.

Ya 'yan uwa, ba lemun tsami ne ya kashe wannan mutum ba. Ha'inci ne. Wanda ya saba rufe aibin kaya da ƙyalli, idonsa yakan daina gane abin da yake da daraja. Wanda ya saba cutar mai rauni, kunnensa yakan toshe ga mai gaskiya. Kai mai shago, kai dillali, in wanda bai san darajar kayansa ba ya tsaya a gabanka, gaya masa. Ribarka ta halal tana nan, ba za ta gudu ba.

Wa ya ci, wa ya faɗi? Likita ya tsira da riyal ɗaya, ya rasa talatin, kuma babu mai sake ganin irinsu. Maƙwabci ya sami shago. Mutuminmu ya rasa shago, ya rasa mutunci, ya rage da kwano cike da ƙarfen da ba ya sayen ko albasa. Bakhita kuwa, a shekarar ta hau jirgin ruwa daga Bur Sudan ita da Huseina, da farkakkiyar ɗamarar ubanta a ƙugu, don ita kaɗai ta roƙa a mayar mata. Da ta dawo ta bi ta layin 'yan tagulla, ta same shi a ƙasa da toka a hannu, ta ajiye masa dabino da ɗan ruwan Zamzam.

Ta ce, "Ɗana, yanzu kana iya ce mini Hajja."

Allah ya tsare hannayenmu daga ha'inci, ya buɗe kunnuwanmu ga mai gaya mana gaskiya. Allah ya kiyaye mu, mu da zuriyarmu. Amin.