Alli da Gawayi a Bangon Rumbu

A wani ƙauye a gindin dutse akwai wata gwauruwa, wadda mijinta ya rasu ya bar mata gonar gyaɗa da rumbu. Da gonar nan take ciyar da 'ya'yanta. Mace ce mai himma, ba a taɓa ganinta zaune da rana ba, ko a sujada ma ƙafarta tana motsi kamar ta bar tukunya a wuta.

Sai ya zama wani ciwo ya kama ta, irin wanda ba kumburi, ba rauni, balle a nuna wa mutane. Gajiya ce wadda barci ba ya kawar da ita, ta tashi da safe kamar ta kwana tana daka. Ga ciwon jiki mai yawo, yau a kafaɗa, gobe a ƙugu, jibi a wuya. Wani lokaci ta shiga ɗaki da ludayi a hannu, ta tsaya ta rasa abin da ya kawo ta. Damina kuwa ta zauna, ciyawa ta fara cin gonar.

Ta tafi asibiti, aka gwada jini ba a ga komai ba. Malamar asibiti ta ce, “Mama, yaya jikin?”

Ta ce, “Da sauƙi.”

“To me ya kawo ki?”

“Jikin ne.”

Malamar ta yi murmushi, gama ta saba da mutanenmu. Ta ce, “Mama, irin ciwon nan ba ya fitowa a gwaji, sai dai mu bi sawunsa. Ki nemi alli da gawayi. Kowace yamma ki ja layi a bangon rumbunki. Ranar da jiki ya bar ki kika yi aiki, farin layi. Ranar da ya kayar da ke, baƙi. Ƙarshen wata zan zagayo ƙauyenku in duba, mu gane abin da ke tayar da shi, mu san yadda za ki raba ƙarfinki.”

Da shugabar zumuntar matan coci ta ji, sai ta zo gaisuwa ta ce, “Maman Istifanus, gayya ɗaya ta rage mana kafin lokacin noma ya wuce. In malama ta ce ciwon yana nan, gonarki za mu nome. In kin warke, sai mu yi ta tsohon nan mai buga ƙararrawar coci.”

Yammar farko, gwauruwar ta ɗauki gawayi, gama ranar ko fartanya ba ta iya ɗagawa ba. Ta kai hannu bango, sai zuciyarta ta ce mata, “Yau kin ci tuwo, yara suna lafiya, akuya ta haihu. Ke ce za ki shafa wa ranar Allah baƙi?” Ta ajiye gawayi ta ɗauki alli. Kashegari akuya ba ta haihu ba, amma an yi ruwa, saboda haka fari. Wata rana ta yini a kwance tana nishi, ta nemi abin godiya ta rasa, ta yi ta tunani har ta tuna maciji bai sare ta ba. Wannan ma fari.

Kada mu ɓoye, ba tsoron Allah ne kaɗai ba. Rumbun yana bakin hanyar rijiya, duk macen da ta wuce da tulu sai ta rage tafiya ta kalli bangon.

Jiki ya ci gaba da tsananta. Da farko a tsaye take jan layi, daga baya a durƙushe, a ƙarshe a zaune a ƙasa ta jingina da rumbun. Gawayin kuwa ta zuba shi a dutsen guga, ta goge zanen zumunta da shi.

Ƙarshen wata malamar ta iso a kan babur, shugabar zumunta tana biye. Suka tarar da bango fari tas. Malamar ta daɗe tana kallo, ta ce, “Mama, me ya sa layukan suke gangarowa ƙasa?”

“Tattalin wuri nake yi, 'yata.”

“Kin tabbata ko rana ɗaya bai kayar da ke ba?”

Gwauruwar ta ce, “Bango zai yi ƙarya ne?”

Shugabar ta rangaɗa guɗa har kaji suka watse. Ta ce, “Allah ya ji addu'armu! Jibi gonar mai ƙararrawa, Maman Istifanus. Ki zo da fartanyarki, kin san babu mai hannunki a zumunta.”

Ta kuwa je, gama wanda ya warke ba shi da hujjar zama. Kunyar farko ta yi ta da waƙa, har ta wuce 'yan mata. A ta biyu ta zauna. Kafin a kawo kunu ta miƙe a tsakanin kunyoyi, ta kasa tashi. Aka nemo baro aka ɗora ta, ƙafafu suna reto, mata suna karɓa-karɓar turi.

Hanyar gida kuwa ta bi ta gefen gonarta. Ciyawa ta kai ƙugu, ba a ganin ko ganyen gyaɗa. Wata amarya baƙuwa ta tambaya, “Saurar wa ce wannan aka bari haka?” Shugabar ta sunkuyo ta ce, “Sannu, Maman Istifanus. Yaya jikin?”

Ta dubi gonar, hawaye suka zubo mata. Ta ce, “Mama, babu sauƙi. Tun farkon damina ban ga sauƙi ba.”

“To bangon fa?”

“Ni na koya masa ƙarya.”

Matan suka dawo wani mako da gajiyarsu suka nome mata, amma lokaci ya riga ya wuce. Abin da ta haƙa da kaka ko iri bai kai ba. Shekarar nan 'ya'yanta daga rumbunan maƙwabta suka ci, abin da ta ɓoye wa matan rijiya duk gari ya sani.

Ga ma'anar misalin, 'yan'uwa. Alli godiya ce, gawayi kuwa faɗin gaskiyar wahalarmu, dukansu biyu Ubangiji ne ya ba mu. Da yawa cikinmu muna tsammani in muka ce muna shan wuya mun yi wa Allah butulci, sai mu zo addu'a da bango fari. Wa muke ruɗi? Wanda ya yi jikin ya san inda yake ciwo. Ubangijinmu da kansa ya gaji da tafiya, ya zauna a bakin rijiya ya roƙi ruwa, bai ji kunya ba.

In kana da ciwon da ido ba ya gani, ka lura da ranakunka, ka faɗa wa likita yadda suke, masu kyau da marasa kyau. Ka faɗa wa ikkilisiya tun taimako yana da amfani. Gajiyarka ba lalaci ba ce, ba kuma rashin bangaskiya ba.

Mu masu guɗa kuma, muna da namu laifin, gama mun fi son labarin warkewa, ya fi sauƙin ɗauka. In kika je gai da marar lafiya a makon nan, kada ki tsaya a bakin ƙofa. Ki shiga, ki nemi tabarma ki zauna, ki sake tambaya.