Rumfar Gada da Saiwar da Ta Bari a Ƙasa

Dalilin da ya sa rumfar gada ba ta da saiwa, yara, labari ne da ba na son bayarwa, don yana ɓata mini rai. Kun dai san ta, ciyawar nan rawaya mai kamar zare da ke nannaɗe geza da shingen lalle a bakin fadama. Ke Tabawa, bar tsinkarta ki zauna, ai ba taliya ba ce!

Da can ba haka take ba. Tana da saiwarta a ƙasa da ganyenta kore shar, tana cin gashin kanta. Maƙwabciyarta ita ce Sabara, babbar mace mai kawaici, wadda take kira Yaya.

Wata shekara ruwa ya ɗauke da wuri, ƙasa ta bushe ƙamas. Saiwar Sabara ta yi zurfi, tana samun ɗan danshi, amma ta Rumfar Gada gajera ce. Ganyenta ya fara yaushi.

Sabara ta ce, "Ƙanwata, ba zan zuba ido ki mutu a ƙofar gidana ba. Hawo in goya ki, ki riƙa sha a jikina har damina ta faɗi."

"Yaya, ba zan yi miki nauyi ba?"

"Haba! Ke ɗin nawa kike?"

Ta hau, ta kafa baki a wuyan Sabara, ta sha ta farfaɗo. Can sama ga iska, ga kallon gari, ba wahalar tonon ƙasa. Daɗi ya ratsa ta.

Damina ta faɗi. Saiwarta ta yi kira daga ƙasa, "Ruwa ya zo, sauko." Rumfar Gada ta ce, "Bari ƙasa ta ƙara jiƙa tukuna."

Kullum da safe takan tambaya, "Yaya, in sauka ne?" To kun san halin mutanenmu, wa zai dubi baƙonsa ya ce tashi ka tafi? Sai Sabara ta ce, "Saurin me kike yi? Ai gidanki ne." Alhali ganyenta na zuba, rassanta na ramewa. Rumfar Gada ta gani kuwa. Wallahi ta gani sarai! Ta san kara ce ake yi mata, amma ta riƙe maganar baki ta kau da kai, don ba ta son sauka.

Ran nan da safe ta gaishe ta, shiru.

"Yaya? Yaya Sabara!"

Ta girgiza reshe, sai ya karye ɓas a hannunta. Ashe Sabara ta bushe a tsaye, da ita a goye.

Ta fasa kuka tana cewa, "Wayyo ni, na kashe yayata!" Ta ce bari ta koma gida ta zauna makoki. Ta miƙo ƙafa tana lalube, ba saiwa. Saiwar ta daɗe da bushewa, gara ta cinye. Ganyen ma ya kakkaɓe, tunda ba aikin da yake yi. Ta roƙi ƙasa ta karɓe ta, ƙasa ta ce, "Damina guda ana kiranki. Wata ta tsiro a wurinki."

Wata tsohuwar Geza da ke kusa ta ji tausayinta, ta ce, "Yarinya, hawo nan kafin ki sami wuri."

Rumfar Gada ta ce cikin kuka, "Inna, kada ki ɗauke ni. Na san abin da zan yi miki."

"Rufa mini baki. A unguwar nan ba ma barin mutum a rana."

Ta hau, don in ba ta hau ba mutuwa za ta yi.

Shi ya sa har yau, ko kun bi zarenta tun daga sama, ba za ku ga inda ya taɓa ƙasa ba. Baƙin ciki ne ya mayar da jikinta rawaya. Duk wanda ya ji tausayinta shi take shanyewa, tana sane, kuma ba ta da wurin sauka.